Ranar da Baba Ya Gyara Dami a Dandalin Birni

Ni ce na raba Baba da gonarsa, kuma har yau ban ce na yi laifi ba. Lokacin da 'yan bindiga suka ƙona rumbunan ƙauyenmu, can gefen Tsamaye, ina koyarwa a wata firamare a Isa. Sau uku ina aika masa ya taso, sau uku yana aiko mini da gaisuwa. A na huɗun na tafi da ƙafata, na tsaya a tsakar gida na ce ko dai ya biyo ni, ko in zauna nan su zo su same mu tare. Ya san halina, don wurinsa na gada. Ya tashi. Amma kafin mu fita sai da ya zagaya bayan ɗaki, inda ya ɓoye zangarniyar geron da ya zaɓa don iri, ya tsuguna ya ɗaure ta dami guda, alhali muna jin harbi daga wajen fadama. Ina ta masifa, shi ko kallona bai yi ba. A kansa ya ɗauko damin nan har bakin hanya inda muka sami mota.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Innarmu ta rasu tun kafin wannan fitina, don haka daga shi sai damin nan na kawo Isa. Ya sa na ɗora shi a kan benci cikin ɗakin ajiya, ya ce ko hannu kada wani ya kai. Damina ta zo ta wuce, dami na nan. Akwai ranar da gero ya yanke mana a gida na ce bari in sussuke shi, ya ɗago kai ya dube ni, na fasa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba, zaman. Mutumin da idan ya fara magana sai an tuna masa lokacin salla, shi ne ya koma zama a zaure yana fuskantar bango. In kai fura, ta dawo. In kai tuwo, ya gutsura sau biyu ya ture. Yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na leƙa na tabbatar yana numfashi. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron in tsere da shi daga bindiga ya zo ya mutu a zaurena saboda zaman banza. Kuma haushinsa nake ji, don gani nake da gangan yake yi mini.

Sai ka san ko wane ne shi a da za ka gane girman abin. A zamanin samartakarsa shi ne jagoran wasan kalankuwa a ƙauyenmu, wasan da samari ke yi bayan an kai amfani gida, su kwaikwayi alƙali da ɗan doka da manomi da mai awo, gari ya yi ta dariya. Wasanmu yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani. Idan mai wasa ya kwaikwayi wata sana'a ya yi ta ba daidai ba, duk wanda ya fi shi sani cikin 'yan kallo yana da ikon shiga fili ya karɓa ya gyara, mai wasan kuma ya ja gefe ba tare da jin kunya ba. A wurinmu ba a kallon kuskure a zaune. Na taɓa ganin wata tsohuwa ta shiga fili ta ƙwace taɓarya daga hannun wani ƙato, ta nuna masa yadda ake daka, makaɗa na binta da kiɗa.

To, wata shekara, tun ba a haife ni ba, aka zo da babbar mota aka kwashe su zuwa birnin Sakkwato, suka yi wasan girbi a babban dandalin wasan kwaikwayo, gaban manyan mutane. Baba ya ɗaure dami a kan dandamali yana tsere da gangar noma, ya gama kafin makaɗi ya sauke kiɗa. Wannan labari na sha shi tun ina ƙarama har na haddace, har da cewa matakala ta uku ta hawa dandamalin gajera ce, ta kusa kayar da shi. Da ya zo Isa sau ɗaya ya ba da labarin ga maƙwabta a zaure. Wani ya yi dariya ya ce kowane tsoho da nasa birnin. Daga ranar bai ƙara ɗaga maganar ba. Abin kunyar, ni ma a zuciyata na daɗe da sa labarin cikin irin waɗanda ake ƙara wa gishiri.

Cikin bazara, ana zafin nan mai sa mutum ya tsani rigarsa, na kai shi Sakkwato a duba idon. Mun shiga bas tun da sassafe, muka yi ta sauka muna hawa a shingayen hanya. Likita ya ba da maganin ɗigawa ya ce mu dawo bayan damina a yi aiki. Muka fito bakin asibiti da azahar. Ina tsaye ina dubansa, rigarsa ta yi masa yawa, sai kawai raina ya ɓaci. Na tsayar da mai adaidaita na ce ya kai mu tsohon dandalin wasa. Sai da ya tambayi mutum biyu kafin ya gane wurin. Baba ya ce mini mu tafi tasha kawai, na ce yau sai na ga wannan matakala da idona, ko gaskiya ce ko ƙarya.

Katanga ce doguwa, fentinta ya ɓare, da ƙofar ƙarfe a rufe. Maigadin wani dattijo ne yana zaune ƙarƙashin dogon yaro yana jin rediyo. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce ba a shiga, ɗalibai na gwajin wasa a ciki, kuma wurin ba na yawon buɗe ido ba ne. Na ce mahaifina ya taɓa yin wasa a nan. Ya dubi Baba daga hula har silifa, ya dubi zanen Gobir da ke kumatunsa, ya ce in dai taimako muke nema, ofishin 'yan gudun hijira ba nan yake ba.

Wallahi ji na yi jini ya hau mini kai. Na ce masa ba roƙo muka zo ba, ni malamar makaranta ce, wannan kuma manomi ne da ya ciyar da gida shekara da shekaru bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Na ce ba za ni ko'ina ba, nan za ni zauna har a tashi, in ya so ya kira wanda ya fi shi. Na zauna kuwa, a kan bencinsa, na ajiye jakata a kan rediyonsa. Muna cikin wannan sai Baba ya yi magana, a hankali, kamar da ƙofar yake yi.

“Matakala ta ukku, ta hannun hagu, sun gyara ta ko tana nan gajera?”

Maigadi ya tsaya. Ya ce Baba ya sake faɗi. Da ya sake, sai mutumin nan ya kwashe da dariya, ya ce tun da ya kama aiki a nan babu baƙon da matakalar ba ta yi wa ƙeta ba, shi kansa ta taɓa fasa masa gwiwa. Ya miƙe ya ciro mabuɗi. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, amma ya kira Baba da dattijo, ya ce mu zauna shiru kada mu dami ɗaliban.

Wurin ya fi yadda na zata girma, kuma ya fi yadda Baba ke faɗi tsufa. Babu rufi sai a kan dandamali. Kujerun siminti ne jere bisa jere suna hawa sama a zagaye, lambobinsu sun goge, ciyawa ta bushe a tsagoginsu. Jemagu sun cika itacen da ke bayan katanga. Kwanon da ke kan dandamalin ya yi tsatsa, wani gefe ya ɗage, ga wasu ƙugiyoyi a sama inda labule yake a da. Na riƙe hannun Baba muka sauka har jeren gaba. Yana tafe yana shafa simintin da tafin hannu. Ya nuna mini inda manya suka zauna, da ƙofar da aka shigo da su, da inda makaɗinsu ya tsaya. Rabona da in ji ya jera magana uku tun muna ƙauye.

Ɗaliban sun kai goma, maza da mata, da malaminsu, wani mai gilashi riƙe da takardu. Ba mu daɗe da zama ba na gane a kanmu ake wasan. Labarin wani manomi ne da 'yan bindiga suka kora daga ƙauye. Wani dogon saurayi ne manomin, an shafa masa toka a gemu, an zana masa zane a kumatu da gawayi. A wurin da suke maimaitawa, ana buga kwano a baya a matsayin harbi, shi kuma yana rawar jiki yana tattara zangarniyar gero, ya ɗaure da igiyar leda, ya ɗaga zai aza a ka, sai damin ya zube. Daga nan ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka yana kuka, matan su kewaye shi suna waƙar tausayi.

Na ji kunya, na ji haushi, na kuma yi da na sanin kawo shi. Na ce mu tashi, Baba ya riƙe mini zane. Idonsa ba ya gani sosai, amma kunnensa ya ji zubewar geron. Malamin ya ce a sake. Aka sake, dami ya zube. Baba ya sunkuyo ya tambaye ni yadda yaron ya jera zangarniyar. Na ce duk kawunan gefe guda suke kallo. Ya girgiza kai. Aka sake na uku, dami ya zube.

“Uwata, wanga yaro bai iya ɗamri ba, kuma ba wanda za shi gwada mishi.”

Ni na san da gangan ake zubar da shi, na gane tun a karo na farko. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na ga ya riga ya miƙe, ya tuɓe silifa, ya naɗe hannun riga. Na yi shiru, kuma da sanina na yi. Ya nufi matakalar hagu shi kaɗai, ba sanda, ba jagora. Ɗaya, biyu, a ta ukun ya rage taku kamar jiya ya sauka daga kanta. Nan na ji hawaye sun zo mini, don na san na zalunce shi a zuciyata shekaru da yawa.

Mai buga kwano ya tsaya. Matan suka yanke waƙa. Baba ya yi musu sallama, ya taɓa kafaɗar saurayin ya ce ya ja gefe, kamar yadda ake yi a filin ƙauyenmu, ya tsuguna ya fara tattara geron. Malamin ya taso da sauri yana tambayar wa ya bar tsohon nan ya shigo. Da ya iso sai ya sassauta murya, don ba marar kunya ba ne, ya ce Baba ya yi haƙuri, ba kuskure ba ne, haka aka rubuta, damin zubewa zai yi don mutane su ga irin asarar da manoma suka yi.

Baba ya ɗago kai. “Shi wanda yar rubuta, ya taɓa ɗamre dame?”

Ɗaliban suka fara gumtse dariya. Malamin ya juyo wurina, don ya ga ni ce mai takalmi da jaka, ya ce Malama ki taimaka ki sauko da shi, ki fahimtar da shi wasa ne. Wato ni zan hau in kama hannun ubana in sauko da shi a gaban yara, in ce masa bai gane ba. Na hau kuwa, matakala ta uku ta kusa kifar da ni, amma gefensa na je na tsaya. Na ce wa malamin mun gane sarai wasa ne, mu ma muna da namu tun kafin a gina wannan wuri. Na ce mutumin da kuke kwaikwayo ga shi nan tsugune. Ranar da muka gudu ana harbi a fadama ya ɗaure dami, ya ɗauko shi a ka tafiyar da ni mai ƙuruciya sai da na huta sau biyu, ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba, kuma damin yana nan a ɗakina a Isa, duk mai shakka ya biyo ni. Na ce an ƙona mana rumbu, gaskiya ne, an kashe mana mutane, gaskiya ne, mun yi kuka har mun gaji. Amma kada a zo birni a ce hannunmu ma ya manta aikinsa.

Malamin ya ce shi tausayi yake son mutane su ji. Na ce mun gode, tausayin ya ishe mu haka.

Baba bai saurari ko ɗayanmu ba. Ya raba zangarniyar gida biyu, ya jera rabi kai gabas, rabi kai yamma, gindinsu ya haɗu ya sarƙe a tsakiya. Ya ɗaga igiyar ledar ya shafa, ya yi tsaki, ya ce a gida da ɓawon kalgo ake yi, amma ba komai. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa gwiwa ya danne, ya ja har sai da geron ya yi ƙara, ya murɗa bakin igiyar ya cusa ƙarƙashi. Ba ƙulli. Mai kwanon nan, Allah ya yi masa albarka, sai ya fara bugawa a hankali, Baba kuwa kafaɗarsa ta fara bin kiɗan. Ya miƙe ya ce wa saurayin ya ɗaga ya jefar. Saurayin ya ɗaga ya maka da ƙasa. Dami ya yi tsalle ya mirgina, yana nan yadda yake. Ya sake makawa da ƙarfi, ko motsi. Sai ɗaliban suka hau tafi, maigadi ma ashe ya biyo mu yana tsaye a sama yana kallo.

Saurayin ya durƙusa ya ce Baba ya ƙara nuna masa. Sai da suka yi sau huɗu, Baba na buge masa hannu in ya jera ba daidai ba, yana kiransa raggo, yaran na dariya. Malamin ya koma gefe yana duba takardunsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ko ya canza wasan ko bai canza ba, ban sani ba, ban kuma koma na tambaya ba. Da za mu fita ya rako mu har ƙofa, ya tambayi Baba sunan ƙauyenmu ya rubuta.

A tasha Baba ya ce yunwa yake ji. Na sayo masa fura da nono, ya shanye, ya ce wannan ta birni ruwa ce, a ƙaro. A mota ya ba mutumin da ke kusa da shi labarin dandali tun daga babbar motar da ta kwashe su, ya haɗa da na yau, har ya ƙara gishirin da ni shaida ce babu shi. Na jingina da taga ina murna. Na ce a raina na yi nasara, na dawo da ubana.

Kwana tara bayan nan hadari ya haɗu ta gabas, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe na fito zan tafi makaranta na tarar ba ya zaure. Yana ɗakin ajiya, ya sauko da damin daga benci, yana shafa shi yana sansanawa. Tun kafin ya buɗe baki gabana ya faɗi.

“Uwata, za ni gida.”

Na ce ba inda za shi. Na tuna masa rumbunan, na lissafa masa waɗanda aka kashe a gona, na ce ido ma ba shi da shi. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce in ya fita ƙofar nan kada ya ƙara kirana Uwata. Ya bar ni na gama. Ya ce mutane sun fara komawa, suna shuka gonakin da ke jikin gari su dawo kafin la'asar, kuma shuka da ƙafa ake yi ba da ido ba. Sannan ya ce ai ni ce na tsaya gaban mutane a birni na ce hannunmu bai manta aikinsa ba, ko wasa nake yi ni ma?

Ni na kai shi, ni na yi shiru lokacin da ya miƙe, ni na cika baki a gaban mutane. Na so ya tashi daga bango, ban tsaya na tambayi kaina ina zai nufa in ya tashi ba. Har yau in na ji an ce an yi harbi wajen Tsamaye sai in kama waya a tsorace ina neman labarinsa. Amma in aka ce in zaɓa tsakanin wannan tsoro da wancan na leƙa zaure da safe, na riga na zaɓa, kuma ba wanda zai sa in ce na yi kuskure.

Na ajiye jakar makaranta na ce to a sussuke irin a nan, don ba zai shiga mota da dami a ka kamar mahaukaci ba, kuma ƙafata ƙafarsa har ƙauye, in ga inda zai kwana. Na tsuguna zan kwance damin. Na ja, na murɗa, na sa haƙori, ɓawon kalgon nan ya bushe ya kama kamar an haife shi a wurin. Na miƙe zan ɗauko wuƙa, ya ce kada in kuskura, igiyar za ta yi wani ɗaurin da kaka. Ya lalubo bakinta da yatsa ya ja sau ɗaya, geron ya baje a tabarma.

Na je na ɗauko turmi.